Masana'antar garinmu tana tangal-tangal: in tashi ko in zauna?

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya. Shekararsa 44, yana aikin gyaran injuna a masana'antar takarda da ke wani gari can cikin daji. Babu wani babban wurin aiki a garin sai ita, birni mafi kusa kuma tafiyar awa huɗu ce a mota. Bara an tsayar da inji ɗaya, bana an rage kwanakin aiki, kamfani yana ta cewa na ɗan lokaci ne. Yana da gidan da bai gama biyan bashinsa ba, maiɗakinsa tana aiki a cikin garin, yara uku suna makaranta, mahaifiyarsa kuma ta manyanta, ba ta son ko jin zancen tashi. Yana tambaya: ya kwashe iyali tun yanzu, ko ya jira ya ga abin da hali zai yi?

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya kawo mafita. Na daɗe ina aiki da ma'aikatan da aka sallama daga manyan masana'antu, da hukumomin garuruwan da abin ya faɗa wa, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ka fara shirin tashi tun yau, ko da a ƙarshe zama za ka yi. Ban ce gobe ka ɗaura kaya a mota ba. Abin da nake gudar maka shi ne takardar da kamfani zai manna a bakin ƙofa ta zama ita ce za ta yanke maka shawara. Ranar da aka manna ta, kai da ɗaruruwan abokan aikinka za ku fita neman aiki iri ɗaya, ku sa gidajenku a kasuwa a mako guda, mai saye kuwa babu shi.

Matsalar irin wannan gari ta wuce albashi. Duk abin da ka mallaka a turke ɗaya yake ɗaure. Albashinka daga masana'anta yake fitowa. Gidanka yana da daraja ne saboda akwai wani ma'aikacin masana'anta da zai so ya saya. Wurin da maiɗakinka take aiki, kuɗin ma'aikatan ne ke juya shi. Ruwan famfo da gyaran titi da kwashe shara, kaso mai tsoka na kuɗinsu harajin masana'anta ne, malamai da likitoci kuma gwargwadon yawan jama'a gwamnati take turo su. Fanshonka ma, in irin wanda kamfani ke riƙe da shi ne, yana nan tare da sauran. Mutumin babban birni in ya rasa aiki, aikin kaɗai ya rasa, gidansa yana nan da darajarsa, matarsa tana nan a nata aikin. Kai kuwa ranar da turken ya tuge, gaba ɗaya za su tafi. Aikin da ke gabanka shi ne ka riƙa kwance su ɗaya bayan ɗaya tun masana'antar tana hayaƙi.

Fara da karanta masana'antar, kuma mai gyaran inji ya fi kowa damar yin haka. Bar jawabin shugabanni, dubi inda suke zuba kuɗi. Yaushe rabon da a sayi babban abu sabo, kamar tukunyar tururi ko sashen busar da takarda? Tsayawar gyara ta shekara-shekara ana yin ta yadda ya kamata, ko ana gajarta ta ana cewa a lallaɓa zuwa baɗi? Akwai kayan gyara a sito, ko kun koma kwance na injin da aka tsayar kuna ɗaura wa mai aiki? In wani ya yi ritaya ana ɗaukar madadinsa, ko raba muku aikinsa ake yi? Har yanzu ana ɗaukar yara masu koyon sana'a? Kamfanin da ke da niyyar ƙara shekara ashirin a wuri ba ya barin rufi yana yoyo a kan inji. Kai ka san amsoshin nan fiye da duk wani mai sharhi a jarida.

Sai ka dubi abin da kuke sarrafawa. In takardar buga jarida ce ko ta mujalla, kasuwarta ba sanyi ta yi na ɗan lokaci ba, ƙarewa take yi. A Arewacin Amurka buƙatar takardar jarida ta kai ƙololuwa wajen shekarar 2000, daga nan ta yi ta gangarowa har fiye da kashi uku cikin huɗu suka tafi, saboda masu karatu da masu talla sun koma intanet. Kwali da takardar goge-goge suna da kasuwa, amma mayar da tsohon inji ya koma yin kwali kuɗi ne masu ɗimbin yawa, kuma kamfanoni sun fi son kashe su a masana'antar da ke kusa da masu saye da inda ake tara tsohon kwali. Wadda ke cikin daji an gina ta a can ne saboda itace da ruwa da wutar lantarki mai araha. In ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, nisa kaɗai ya rage mata. A lardin British Columbia na Kanada, wani ƙwaro mai cin itacen fayin ya ɓata daji sama da hekta miliyan 18. An yi 'yan shekaru ana rububin sare matattun itatuwa, aiki ya yi yawa, mutane suka ɗauka arziki ne ya zo. Da itacen ya ƙare aka rage adadin da doka ta yarda a sara, masana'antun katako suka shiga rufewa, su kuma masu markaɗa itace don yin takarda suka rasa ɓarɓashin katakon da suke dogara da shi.

Akwai wani abu da ma'aikata ba sa son ji, amma gara ka ji shi. Masana'anta tana iya cin riba a rufe ta. In kamfani yana da guda shida kuma kasuwa ta biyar ce, zai rufe wadda kuɗin sarrafa tan ɗaya ya fi tsada a cikinta don farashi ya tashi wa sauran. Don haka tambayar da za ka yi wa wakilan ƙungiyar ƙwadago ita ce, a cikin 'yan'uwanta, taku ta nawa ce wajen tsada. Haka nan in an sayar da masana'antar sau biyu ko uku a 'yan shekaru, kowane sabon mai shi ya fi na baya ƙanƙanta da yawan bashi, wannan ma magana ce.

Kalmar “na ɗan lokaci” kuwa, ka riƙe ta da hannu biyu amma kada ka gina komai a kanta. Garin Mackenzie, mai nisan kusan kilomita 180 arewa da birnin Prince George a lardin da na ambata, an gina shi ne a shekarun 1960 saboda katako da takarda. A 2008 kusan duk masana'antunsa suka tsaya. Wajen 2010 wasu suka dawo a hannun sababbin masu shi, mutane suka yi ajiyar zuciya. A 2019 wata babbar masana'antar katako ta sake tsayawa, a 2020 mai markaɗa itace ta bi sahu, a 2021 aka ce ta rufe ke nan. Garin da ya kusa kai mutum 6,000 a tsakiyar shekarun 1990, ƙidayar 2021 ta same shi da 3,281. Abin lura a nan shi ne shekarun da ke tsakanin rufewa ta farko da ta biyu. A lokacin ne gidaje suka sake samun masu saye. Wanda ya ɗauki dawowar a matsayin damar gyara zamansa ya fita da wani abu a hannu. Wanda ya ɗauka komai ya wuce har ya ƙara cin bashi, shi abin ya fi yi wa ciwo.

Bayan masana'anta, karanta garin, domin rufewar masana'anta ba kullum take kashe gari ba. Grand Falls-Windsor da ke tsibirin Newfoundland na Kanada ya rasa masana'antar takardarsa a 2009 bayan shekara ɗari tana aiki, amma jama'arsa suna nan wajen 14,000, saboda yana kan babbar hanyar da ta ratsa tsibirin, yana da babban asibitin yanki, kuma ƙauyukan kewaye can suke zuwa sayayya. Ocean Falls kuma, a gaɓar yammacin Kanada, ba a isa gare shi sai ta jirgin ruwa ko jirgin sama mai sauka a ruwa. Ya taɓa ɗaukar mutum wajen 3,500. Kamfani ya janye a 1973, gwamnatin lardi ta saya ta riƙe har 1980, sannan ita ma ta rufe. Yau mazaunansa na dindindin ba su kai ɗari ba. Abin da ya raba waɗannan garuruwa biyu shi ne ko akwai wani dalilin da zai kawo mutum garin in ba masana'anta ba. Tambayi kanka: in aka rufe gobe, wuraren aiki nawa ne za ka iya zuwa da safe ka dawo gida da yamma? Ka ce birni awa huɗu ne. Wannan kaɗai ya sa na fi karkata ga cewa ku tashi.

Za ka ji ana cewa masu zuba jari suna tafe, za a mayar da wurin kaza. Wani lokaci yakan faru. A Finland, kamfanin Google ya sayi tsohuwar masana'antar takarda ta Summa a garin Hamina a 2009, ya mayar da ita rumbun manyan kwamfutoci da ake sanyayawa da ruwan teku. A Kajaani, inda aka rufe masana'anta a 2008, cikin ginin ne aka kafa LUMI, ɗaya daga cikin kwamfutoci mafi ƙarfi a Turai, aka buɗe ta a 2022. Lissafa shekarun da ke tsakani. Yaron da ke firamare ranar rufewa ya gama sakandare kafin a yanka kirtani. Kuma sabon aikin sau da yawa ba irin naka ba ne, ba kuma yawan na da ba. A garin Berlin na jihar New Hampshire a Amurka, an rufe masana'antar markaɗa itace a 2006, gidan yarin tarayya ya buɗe a 2012, amma gidajen yarin tarayya suna da iyakar shekarun da suke ɗaukar sabon ma'aikaci, don haka dattawan masana'anta da yawa ba su shiga lissafi ba. Garin da ya haura mutum 20,000 a 1930 ya koma 9,425 a 2020, har da fursunonin a ciki. Gari yana iya farfaɗowa bayan shekara goma sha biyar, amma bashin gidanka ƙarshen wata yake jira.

Yanzu mu zo kanka. Akwai binciken da masana tattalin arziki uku, Jacobson da LaLonde da Sullivan, suka wallafa a 1993 kan ma'aikatan jihar Pennsylvania ta Amurka da suka daɗe a wuri ɗaya sannan aka sallame su da yawa lokaci guda. Sun gano cewa ko bayan shekara biyar ko shida, abin da suke samu ya gaza abin da da za su samu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Sun kuma gano cewa samun yana fara raguwa tun shekaru kafin sallamar, ta hanyar rage kwanaki da tsayawa jefi-jefi, wato daidai halin da kake ciki. Dalilin asarar shi ne rabin gwanintar tsohon ma'aikaci a jikin wannan injin take: ya san kukansa, ya san inda yake ciwo. Wani wuri ba zai biya shi kuɗin wannan sanin ba.

A nan kana da sa'a. Mai gyaran inji, mai walda, mai aikin lantarki, mai kula da tukunyar tururi, duk sana'arsu tana bin su. Ana neman su a ma'adinai, tashoshin wuta, kamfanonin abinci, gidajen ruwa, har manyan asibitoci. Wanda ya yi shekara ashirin yana tuƙa injin takarda shi ne ya fi shiga tsaka mai wuya. Amma fa sana'a ba ta tafiya sai da takarda. Mutane da yawa sun ƙware a cikin gida, babu wata shaida da hukuma ta sani. In kana cikinsu, wannan shi ne abu na farko da za ka kwance: ka zauna jarrabawar sana'a, ka sabunta lasisin da ya mutu, ka sa shugaban sashenka ya rubuta maka shaidar ayyukan da ka iya tun yana kan kujerarsa. Sannan ka fara neman aiki kana da aiki. Mai ɗaukar ma'aikata ya fi sakin jiki da wanda ke kan aiki, kai ma ka fi ƙarfin cewa a'a in tayin bai yi ba.

Abin da ke riƙe mutane da yawa shi ne kuɗin sallama. In ka ajiye aiki da kanka, yawanci ka rasa shi, a ƙasashe da dama ma har da tallafin rashin aiki. Don haka kowa sai ya ce bari in jira a sallame ni in karɓi haƙƙina. Lissafin ba laifi ba ne, amma a yi shi da alƙalami. Samo yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ka ga nawa ne ainihin abin da za a ba ka, bayan haraji. Duba ko karɓarsa zai soke haƙƙinka na a sake kiranka in an buɗe. Duba ko tsayawar “ɗan lokaci” tana ba kamfani damar jinkirta biyan har watanni. Uwa-uba, kuɗin sallama alkawari ne na kamfani mai rai. In ya karye aka shiga kotu, bankunan da suka riƙe jingina su ne a gaba, ma'aikata kan sami wani ɗan kaso da doka ta keɓe, sauran kuma su bi layi. Sanarwar ma gajera ce: dokar Amurka ta 1988 kwana 60 kacal ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 100 zuwa sama. A ce kuɗin sallamarka ya kai albashin wata takwas. Ɗora shi a ma'auni, a ɗaya gefen ka ɗora faɗuwar darajar gida da watannin da za ka yi kana neman aiki tare da kowa. Sau da yawa gefen na biyu ne ke rinjaya. In tayin aiki mai kyau ya zo a rubuce, ni dai ba zan bar shi don jiran kuɗin da ba a san ranarsa ba.

Fansho iri biyu ne. Akwai wanda kuɗin ke cikin asusu da sunanka, wannan naka ne duk inda ka je. Akwai wanda kamfani ya yi alkawarin biyanka wani adadi duk wata bayan ritaya, wannan kuwa ƙarfinsa yana ga yadda aka cika asusun. Rubuta wa masu kula da shi ka tambayi kashi nawa cikin ɗari na alkawuran ke da kuɗi a ƙasa, da abin da za ka samu in ka bar aiki bana. Wasu ƙasashe suna da hukumar da ke tsaya wa irin wannan fansho: Amurka tun 1974, Birtaniya tun 2005, amma duka da iyakar abin da suke biya. A Kanada lardin Ontario ne kaɗai ke da irin wannan asusu, sai a 2023 aka yi dokar tarayya da ta ɗaga matsayin giɓin fansho a gaban sauran masu bin bashi, ita ma da wa'adin shekaru kafin ta kama kowa. San dokar inda kake. Kuma duk yadda ƙaura ta matse ka, kada ka fasa fansho don biyan motar kaya.

Gida shi ne inda na ga mutane sun fi cijewa, kuma na fahimci dalili. Kai ka dasa itacen da ke ƙofar, a ɗakin can aka yi goyon yaranka. Amma kasuwa ba ta san wannan ba. Mutane suna tashi, gidaje ba sa tashi, shi ya sa a garin da jama'a ke raguwa farashin gida yakan faɗi ƙasa da kuɗin gina shi, ya kuma daɗe a can. Millinocket a jihar Maine ta Amurka, garin da kamfanin Great Northern Paper ya gina, yana da mutum 7,742 a 1970. Masana'antar ta tsaya a 2008, ƙidayar 2020 ta sami 4,114. Gidajen da aka gina wa mutum dubu bakwai suna nan, har ta kai hukumar gari tana karɓe wasu saboda bashin haraji. Ga kuma wani ƙarin nauyi: bututun ruwa da tituna tsawonsu bai ragu ba, masu biyan haraji ne suka ragu, don haka kason kowa yakan ƙaru a kan gidan da darajarsa ta ragu.

Abin da zan ce ka yi, ka nemi dillalai biyu su gaya maka nawa aka sayar da gidaje irin naka a watanni shida da suka wuce, da tsawon lokacin da suka yi a kasuwa. Kuɗin da aka biya nake nufi, ba wanda masu gida ke nema ba. In abin da za ka samu zai biya bashin ya bar ko ɗan kaɗan, ka yi tunanin sayarwa yanzu, ko da za ka kama haya a cikin garin ka ci gaba da aikinka. Mutane suna jin nauyin wannan, wai mai gida ya koma ɗan haya. Amma wanda ya yi haka, in masana'anta ta rayu bai rasa komai ba sai ɗan kuɗin haya, in ta mutu kuma mukulli kawai zai miƙa. In bashin ya riga ya fi darajar gidan, je wurin banki tun ba ka tsallake biya ko ɗaya ba, kuma ka ga lauya, domin a wurare da yawa ko banki ya karɓe gida, ragowar bashin yana bin mutum. Barin gida a hannun 'yan haya daga nesa yana da daɗin faɗi, amma a garin da ake tashi ɗan haya ma wuya yake, gidan da ba kowa kuma saurin lalacewa gare shi. Ka dakatar da duk wani babban gyara na ƙawa. Kuɗin da ka zuba a sabon kicin yanzu ba zai dawo ba.

Tsarin tafiyar ba shi da wuyar faɗi. Aiki tukuna, a rubuce, sannan ƙaura. In ta kama, ka yi gaba kai kaɗai na 'yan watanni, amma ku yanke wa'adi, domin raba gida biyu yana cin kuɗi yana kuma cin aure. A sabon wuri ka yi haya aƙalla shekara guda. Kada babban albashi ya ja ka zuwa wani garin mai kamfani ɗaya, ka sake ɗaura komai a wuri guda kana da shekara 44. Matsakaicin birni mai masana'antu daban-daban da asibiti da kwaleji ya fi maka babban birnin da haya za ta cinye rabin albashi. Ka auna tayin da abin da zai rage bayan haya da sufuri, ka kuma sa aikin maiɗakinka a lissafi, don sau da yawa ita ce za ta fi cin ribar tashi: a garinku zaɓinta kaɗan ne.

Yara ƙanana sun fi saurin sabawa fiye da yadda iyaye ke tsoro. Wanda ya kusa gama sakandare shi ne abin lallashi, in da hali a bar shi ya ƙarasa, ko a daidaita tashin da ƙarshen shekarar karatu. Ku gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, tunda a makaranta ma zancen da ake yi ke nan.

Maganar mahaifiya ita ce mai nauyi. Kada ka je mata da shawarar da ka riga ka yanke. Wurin da ta binne mijinta ko 'yan'uwanta, inda ƙawayenta suke, ba abin da za a tsige ta daga ciki da gardama ba ne. Abin da za ka sa ido a kai shi ne asibiti. In jama'a suka ragu, likita kan tafi ba a maye gurbinsa, ɗakin gaggawa ya koma rufewa da dare, motar asibiti ta riƙa yin awoyi kafin ta kai mara lafiya inda za a duba shi. Ga tsoho mai ciwon zuciya ko na ƙoda, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zauna da 'yan'uwanka ku raba nauyi, ku san wa zai riƙa leƙa ta in ta zaɓi zama. In ka kafu a can, ɗauke ta ta zo ta yi wata guda, gani ya kori ji. Da yawa sukan sauko da kansu in sun ga jikoki sun yi nisa, amma a bar mata ta sauko da kanta.

Za a sami masu cewa ka gudu ka bar gari a lokacin da ya fi buƙatarka, kuma maganar za ta yi maka zafi don akwai ƙamshin gaskiya a ciki: duk iyalin da ya tashi, aji ya rage yara, ƙungiya ta rage hannu. Tsayawa a yi fafutuka ma yakan yi nasara. A Témiscaming na lardin Quebec a Kanada, da kamfani ya rufe masana'anta a 1972, ma'aikata da tsofaffin manajoji da mutanen gari suka haɗa kai da taimakon gwamnati suka sake buɗe ta a 1973 da sunan Tembec. A Kapuskasing na Ontario ma'aikata sun sayi tasu a 1991. Ina girmama waɗannan mutane ƙwarai. Amma a duka biyun akwai itace, akwai kasuwar abin da suke sarrafawa, akwai gwamnatin da ta sa hannu. In ana irin wannan yunƙuri a garinku, shiga ciki da ƙarfinka, sai dai kada ka zuba ajiyar iyali gaba ɗaya a hannun jarin wurin da albashinka ma daga can yake. Wanda ya rage masa shekara uku ko huɗu ya yi ritaya, ya gama biyan gida, ko matarsa tana aikin asibiti ko koyarwa, zama ya fi masa. Kai kana da wajen shekara ashirin na aiki a gaba, da bashi, da yara uku. Haƙƙinsu ne na farko a wuyanka.

Kada kuma ka raina abin da zullumi ke yi wa jiki. Masana tattalin arziki Sullivan da von Wachter sun nuna a 2009 cewa mazan da suka daɗe a aiki aka sallame su, haɗarin mutuwarsu a shekarar farko yana ƙaruwa da kashi 50 zuwa 100 cikin ɗari, kuma ko bayan shekara ashirin bai gama komawa daidai ba. In barci ya ƙaurace maka, ko ka ga kana yawan faɗa a gida, ga likita tun inshorar kamfani tana aiki. Don rage zaman jiran tsammani, ku zauna kai da maiɗakinka ku rubuta alamu biyu ko uku da in kun gan su za ku motsa ba tare da sake muhawara ba, misali a soke gyaran shekara, ko a tsayar da inji na biyu, ko ajiyarku ta sauka ƙasa da abin da zai riƙe ku wata shida. Ku sa ranar da za ku sake duba takardar.

A cikin watan nan ka shiga ofishin ma'aikata ka karɓi kwafin fayil ɗinka: ranar da aka ɗauke ka, muƙaman da ka riƙe, kwasa-kwasan da ka yi, bayanin fansho, da takardun albashi na shekarun baya. Ka haɗa da sakamakon gwajin ji da na huhu da aka taɓa yi maka, da duk wani rahoton rauni ko na aiki kusa da sinadarai da ƙurar asbestos da ke jikin tsofaffin bututu. Ciwon da irin wannan aiki ke jawowa yakan ɗauki shekara ashirin ko talatin kafin ya bayyana, kuma hukumar diyya takarda za ta nema. In masana'anta ta rufe, fayilolin sukan koma hannun masu raba kadara ko wani sito a wani gari, samunsu ya zama wahala. Ka karɓi lambobin wayar shugabanninka na kansu, ba na ofis ba, don su ne za su tsaya maka shaida a sabon wurin aiki.